Daga Deira zuwa Kano: Shin na'urar da ake maƙala wa yatsa za ta iya gano matsalar batirin zuciya?

Unguwar Deira, tsohuwar cibiyar kasuwancin Dubai da ke bakin mashigin ruwan birnin, ba baƙuwa ba ce ga ƴan kasuwar Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. A kasuwannin Naif da Sabkha da kasuwar gwal suke sarin turare da abaya da wayoyin salula, kuma da yawa kan haɗa tafiyar fatauci da ganin likita.

Tun bayan annobar korona, wadda ta sa aka rufe yankunan Naif da Al Ras na tsawon makonni a 2020, wata ƴar na'ura ta yaɗu a kantunan magani da shagunan kayan lantarki, a Dubai da sauran biranen duniya. Ita ce oksimita, wadda ake maƙala wa yatsa ta nuna lambobi biyu: yawan iskar oksijin a jini da adadin bugun zuciya a minti ɗaya.

Lambar ta biyu ce ke jan hankalin mutanen da aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, wadda jama'a suka fi kira batirin zuciya. Ga wanda aka yi wa dashen a ƙasar waje ya koma gida, inda likitan da zai duba na'urar ke da nisa, abu ne mai sauƙi ya mayar da oksimita alƙalinsa. Idan ta nuna 60 ko 70, sai hankali ya kwanta.

Shin wannan kwanciyar hankali tana da tushe? Amsar ta danganta da fahimtar abin da kowace daga cikin na'urorin biyu ke yi.

Na'urori biyu, kowace da aikinta

Zuciya na da nata tsarin lantarki. Wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta a ɗakinta na sama na dama ne ke bayar da umarnin bugu, saƙon ya bi ta wata mahaɗa ya sauka zuwa ɗakuna biyu na ƙasa, waɗanda ke tura jini zuwa huhu da sauran jiki. Idan tsufa ko wata cuta ta lalata wannan hanya, bugun kan faɗo zuwa 40 ko 30 a minti, mutum ya riƙa jin jiri da kasala, wani lokaci ya yanke jiki ya faɗi.

Na'urar zuciya ce ke cike wannan giɓi. Ana dasa ta a ƙarƙashin fata, galibi ƙasa da ƙashin wuya, kuma ta ƙunshi batiri da ƴar kwamfuta da siraran wayoyi da ake zura wa ta jijiya har cikin zuciya. Tana sauraron bugun zuciyar, idan ya yi jinkiri sai ta aika ɗan lantarkin da zai tayar da shi. Sau da yawa likitoci kan saita ta yadda bugun ba zai gaza 60 a minti ba.

An fara dasa irin ta a jikin ɗan'adam ranar 8 ga watan Oktoban 1958 a asibitin Karolinska na ƙasar Sweden. Majinyacin, Arne Larsson, ya rayu har 2001, bayan likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera na'urar duk sun riga shi rasuwa. Sai dai a tsawon waɗannan shekaru na'urori 26 aka sa masa ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar farko ke nan, dashen bai taɓa zama aikin da ake yi sau ɗaya a manta da shi ba.

Ita kuwa oksimita, wani injiniya ɗan Japan mai suna Takuo Aoyagi ne ya gano dabarar aikinta a farkon shekarun 1970. Tana haska haske iri biyu ta cikin yatsa, ja da wani wanda ido ba ya gani, sannan ta auna yadda jinin da ke zuwa da kowane bugu ke shanye su. Daga nan take lissafa oksijin, ta kuma ƙirga bugu. Ba ta jin lantarkin zuciya ko kaɗan. Abin da take gani shi ne jinin da ya iso yatsa.

Inda oksimita ke da amfani

Wannan siffa ce ta ba ta matsayi a asibiti. Allon da ke nuna lantarkin zuciya a ɗakin tiyata kan iya ɗaukar siginar da na'urar zuciya ta aika a matsayin bugu, alhali zuciyar ba ta amsa ba. Allo zai nuna 60, amma jini bai motsa ba. Haka nan wuƙar lantarki da likitocin fiɗa ke amfani da ita wajen tsayar da jini kan hargitsa allon, ta kuma iya ruɗar na'urar zuciyar ta ɗauka zuciya na bugawa da kanta, sai ta dakata.

Saboda haka ne ƙa'idojin ƙungiyar likitocin sa barcin tiyata ta Amurka suka buƙaci a riƙa bin bugun jijiyar mai na'urar zuciya a duk tsawon aiki, kuma oksimita na cikin hanyoyin da ake yin hakan. A sashen gaggawa ma, idan aka manna wa majinyaci na'urar wucin gadi a ƙirji, likita kan duba layin da ke hawa da sauka a fuskar oksimita domin ya tabbatar kowace sigina ta haifar da bugu na gaske.

A gida ma tana iya yin gargaɗi. Idan an saita na'urar mutum a kan 60, sai oksimita ta riƙa nuna 38 ko 40 sau da sau, ga jiri ga duhun gani, to wannan alama ce da ba a jira da ita. Tana iya nufin wayar da ke cikin zuciya ta goce daga mazauninta, abin da ya fi faruwa a makonnin farko bayan dashe, ko ta karye, ko batiri ya yi rauni. Hauhawar sinadarin fotasiyam a jini, wadda ake yawan gani ga masu ciwon ƙoda, ita ma kan hana zuciya amsa umarnin na'urar.

Abin da ba ta gani

Matsalar ita ce lamba mai kyau ba ta wanke na'urar zuciya. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Na farko, yawancin masu na'urar ba kowane lokaci suke dogara da ita ba. Zuciyarsu na bugawa da kanta a mafi yawan yini, na'urar tana jiran lokacin da za ta yi jinkiri ne kawai. Irin wannan mutum, ko da na'urarsa ta daina aiki gaba ɗaya, oksimita za ta iya nuna masa 75 da safe, da la'asar kuma ya faɗi a kasuwa.

Na biyu, matsaloli da dama zuwa suke yi su wuce. Wayar da ta fara tsagewa kan yi aiki daidai idan mutum na zaune, ta yanke na daƙiƙa uku ko huɗu idan ya ɗaga hannu ko ya ɗauki kaya. Oksimita kuwa tana tattara bugun daƙiƙoƙi da dama ne ta fitar da matsakaici, don haka gajeren tsaiko kan ɓace a cikin lissafin.

Na uku, lambar oksijin ba ta da abin cewa sosai a nan. Mutumin da zuciyarsa ke bugawa 35 na iya samun kashi 97 cikin 100, domin huhunsa lafiya ƙalau yake. Jinin ya ƙoshi da iska, yawan wanda ke isa ƙwaƙwalwa ne ya yi kaɗan.

Na huɗu, ba ta san saura wata nawa batiri ya ƙare ba, kuma ba ta ganin ƙwayoyin cutar da suka shiga wurin dashen.

Wani abu da ya faru a Amurka ya fito da wannan a fili. A watan Disamban 2024, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta yi gargaɗi kan wani rukuni na na'urorin Accolade na kamfanin Boston Scientific da aka ƙera kafin Satumban 2018. Matsalar batiri na iya jefa su cikin wani yanayin ko-ta-kwana da ba sa fita daga cikinsa, kuma a lokacin an alaƙanta lamarin da mutuwar mutum biyu. A wannan yanayi na'urar kan koma bugu 72 da rabi a minti, lambar da duk wanda ya gan ta a yatsarsa zai gode wa Allah. Amma a cikinsa ne motsin tsokar ƙirji ke iya ruɗar ta ta tsaya, kuma maganin shi ne a canja ta.

Kamfanoni kan aika irin wannan sanarwa ga asibitoci da likitocin da ke kula da masu na'urar. Majinyacin da ya koma Gusau ko Tawa, ya canja lambar waya, ba shi kuma da likitan zuciya da ke riƙe da fayil ɗinsa, yana iya zama na ƙarshe da zai ji labari.

Lalle, sanyi da launin fata

Kamar yadda oksimita ke iya ɓoye matsala, haka take iya tayar da hankali a banza. Yatsa mai sanyi, irin wanda ya daɗe a ɗakin otel mai na'urar sanyaya ɗaki, ba ya samun isasshen jini. Rawar hannu da jan farce da baƙin lalle duk suna iya hana haske ratsawa yadda ya kamata.

Akwai kuma bugun da kan yi riga-malam-masallaci, ya zo kafin zuciya ta cika da jini. Irin wannan bugu ba shi da ƙarfin da zai kai yatsa, don haka oksimita kan tsallake shi. Idan yana zuwa bayan kowane bugu na daidai, sai ta nuna rabin adadin gaskiya. Wasu na'urorin zuciya kuma da gangan ake saita su su sauko zuwa 50 lokacin barci. Wanda bai san saitin na'urarsa ba zai ga 50 da tsakar dare ya firgita.

Batun launin fata ya fi shafar lambar oksijin. Wani bincike na Jami'ar Michigan da mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa a Disamban 2020 ya gano cewa oksimita na kasa nuna ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku na yadda take kasawa a jikin farar fata: kashi 11.7 cikin 100 a gefe guda, kashi 3.6 a ɗaya gefen. A Janairun 2025 hukumar FDA ta fitar da daftarin sabbin ƙa'idoji da ke neman a gwada na'urorin a kan mutane masu launin fata daban-daban. Hukumar ta kuma sha bayyana cewa da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a kanti ko ta intanet an yi su ne don ƴan wasanni da masu motsa jiki, ba ta tantance su don aikin likita ba.

Dashe a waje, bibiya a ina?

Abin da ke bayyana gaskiyar halin na'urar zuciya shi ne gwajin lantarkin zuciya na ECG, da hoton ƙirji idan ana zargin waya ta goce, da kuma wata kwamfuta ta musamman da ake ɗora kanta a kan ƙirji ta karanto komai: ƙarfin batiri, lafiyar wayoyi, da tarihin duk wani hargitsi da ya faru tun ganin likita na ƙarshe. Ƙa'idar likitocin zuciya ita ce a yi wannan duba cikin makonni 2 zuwa 12 bayan dashe, sannan duk bayan wata 3 zuwa 12, a ƙara yawaita shi idan batiri ya kusa ƙarewa.

Sai dai kowane kamfani da tasa kwamfutar. Ta Medtronic ba ta saita na'urar Abbott, ta Biotronik ba ta saita ta Boston Scientific. Asibitin da ke kusa da majinyaci na iya samun likitan zuciya, amma ba shi da kwamfutar kamfanin da ya ƙera abin da ke ƙirjinsa.

Dubai ta gina harka babba a kan masu zuwa neman magani. Hukumar lafiyar birnin ta ce a 2023 ta karɓi irin waɗannan baƙi fiye da 691,000, waɗanda suka kashe sama da dirhami biliyan ɗaya. A cikin Deira kanta akwai Asibitin Dubai da ke Al Baraha, wanda aka buɗe a 1983, ga kuma asibitoci masu zaman kansu a kewaye. Yin dashen a irin wannan birni ba ya ɗaukar lokaci: aikin sa'a ɗaya ko biyu ne, a sallami mutum cikin kwana ɗaya ko biyu.

Shekarun da ke biyo baya ne ke da wuya, domin komawa ga likitan da ya yi aikin ba a hannun majinyaci kaɗai take ba. A Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa ƴan Najeriya biza, kamfanin jiragen Emirates kuma ya dakatar da zirga-zirga zuwa ƙasar saboda kuɗaɗensa da suka maƙale. Sai ranar 15 ga Yulin 2024 ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya sanar da ɗage haramcin bizar, jiragen kuma suka dawo Legas ranar 1 ga Oktoban shekarar. Ga mai na'urar da ake dubawa duk shekara, wannan tsaiko na kusan shekara biyu ya isa ya cinye masa ganin likita sau ɗaya ko biyu.

A tsakanin nan kuma darajar naira ta faɗi. Dalar da ake canzawa a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Tafiyar da a da ake haɗa ta da sarin kaya ta zama abin da sai an yi shawara da iyali.

A gida kuwa ƙarancin a bayyane yake. Wani nazari na ƙungiyar likitocin zuciya ta Afirka, PASCAR, da aka wallafa a 2018 kan ƙasashe 31, ya nuna cewa a matsakaiciyar ƙasa ba a dasa wa ko mutum uku cikin miliyan ɗaya na'urar a shekara, adadin da ya gaza na Turai fiye da sau 200. A kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasashen ba a yin dashen sam, Najeriya kuma na cikin na ƙasa-ƙasa a jerin masu yi. Inda ba a yawan dashe, ba a yawan samun masu bibiya. A 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar.

Wannan giɓi ne ke tura mutane ga oksimita. Da babu gara ba daɗi, amma hatsarin shi ne ta zama dalilin ɗage tafiya asibiti wata bayan wata.

Ina mafita?

Akwai alamun sauyi. A Yunin 2025 aka buɗe cibiyar lafiya ta African Medical Centre of Excellence a Abuja, wadda bankin Afreximbank ya gina da haɗin gwiwar asibitin King's College na Landan, kuma cututtukan zuciya na cikin manyan fannoninta. A Nuwamban 2024, masu shirin My Heart Your Heart na Jami'ar Michigan sun gabatar da sakamakon gwaji kan majinyata kusan 300 a ƙasashe bakwai, har da Najeriya, wanda ya nuna cewa na'urorin da aka taɓa amfani da su aka tsaftace aka sabunta ba su fi sabbi jawo ƙwayoyin cuta ba a watanni uku na farko. Idan dashe ya yi sauƙi a gida, likitoci da kayan bibiya za su ƙaru a kusa da majinyata.

Akwai kuma tsarin bibiya daga nesa, inda wata ƴar na'ura a gefen gado ko manhajar wayar salula ke aika bayanan na'urar zuciya ga asibiti. Ƙungiyoyin likitocin bugun zuciya na duniya sun ɗauke shi a matsayin hanyar da ta dace. Amma yana buƙatar lantarki da intanet, da asibitin da ya ɗauki nauyin karanta saƙon, da kuma likita a kusa wanda zai yi aiki da abin da aka gani. Saƙon da ya isa Dubai ba zai gyara wayar da ta goce a Katsina ba.

Saboda haka shawara mafi muhimmanci ana yanke ta ne kafin a shiga ɗakin tiyata. Wanda zai yi dashe a Dubai ko Alƙahira ko Indiya, ya kamata tun daga gida ya san likitan da zai riƙa duba shi, ya tambaye shi kwamfutar wane kamfani suke da ita, ya gaya wa masu dashen. Kafin ya hau jirgi ya karɓi katin na'urar mai ɗauke da sunan kamfani da samfuri da lamba, da takardar saitinta, musamman mafi ƙarancin bugun da aka sa mata da na lokacin barci. Sai da wannan lamba a hannu ne abin da oksimita ta nuna zai zama da ma'ana.

Ga masu sarin wayoyi a Naif akwai ƙarin jan kunne. A Mayun 2021 hukumar FDA ta shawarci masu na'urar zuciya su riƙa nisanta wayoyin salula da agogunan zamani masu ƙarfin maganaɗisu da ita da aƙalla santimita 15. Aljihun gaban riga, inda aka saba sa waya, shi ne wurin da ya fi kusa da na'urar.

Idan za a yi amfani da oksimita a gida, a ɗumama hannu, a zauna shiru, a zaɓi yatsan da babu lalle ko jan farce, a jira lambar ta tsaya, sannan a taɓa jijiyar wuyan hannu a ƙirga bugu na minti ɗaya cur a gwada. A rubuta lambar da lokacin a ajiye wa likita.

Amma akwai alamomin da ba sa buƙatar lamba: suma ko kusan suma, jirin da ya dawo irin na kafin dashe, numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, shaƙuwar da ta ƙi tsayawa ko tsokar ƙirji mai motsi da kanta, kumburi ko ja ko ruwa a wurin dashen, da zazzaɓin da ba a san dalilinsa ba. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, asibiti zai nufa, ko da oksimita na nuna bugu 70 da oksijin 98. A Dubai lambar motar ɗaukar marasa lafiya ita ce 998, a Najeriya kuma lambar gaggawa 112 ce.